Yadda zaka zaɓi hedifon na yawo mai faɗin sauti

Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yadda muke sayen abin jin sauti, in ka shiga shago ka ce a baka iyafis ko hedifon mai kyau, maganar farko da mai shago zai maka itace "wannan akwai bes yallaɓai", kai ma ka saka a kunne ka ji dum dum ka ciro kuɗi ka biya, shikenan an gama ciniki. Toh ni yanzu bes baya cikin abin da nake fara dubawa. Faɗin sauti nake nema, abin da turawa suke ce wa soundstage, kuma wallahi duk wanda ya taɓa jin hedifon mai faɗi na gaskiya ko sau ɗaya ne da wuya ya iya komawa kan wanda yake cusa masa komai da komai a tsakiyar kai.

Bari in fara da abin da ake nufi, don mutane da yawa suna ɗauka ƙara ce ko ƙarfi. Ka tuna in kana tsaye a gaban makaɗa a wajen biki ko hawan sallah, ko ka rufe idonka ka san mai kalangu yana damanka, mawaƙin yana gabanka, 'yan amshi suna bayansa ta hagu, mai algaita kuma yana can nesa kaɗan. Wannan filin da kake ji kowa yana da wajen tsayawarsa a ciki, shine faɗin sauti. Yana da faɗi hagu da dama, yana da zurfi wato wani na kusa wani na nesa, sannan akwai wani abu da yake tafiya tare da shi amma ba ɗaya bane, shine iya nuna daidai inda kowane sauti ya fito, kamar ka miƙa yatsa ka ce ga mai ganga nan. Akwai hedifon da yake da faɗi amma komai a cikinsa ya watse kamar hazo baka iya cewa ga inda abu yake, akwai kuma wanda filinsa ƙarami ne amma kowa na wajensa tsaf. In wasa kake bugawa irin su PUBG ko Free Fire na biyun ya fi maka amfani, don kai takun ƙafar abokin gaba kake so ka san ta ina yake zuwa.

Dalilin da yasa hedifon yake wahalar bada wannan filin kuwa a halittar kunne yake. In sauti ya taso daga damanka kunnen dama yake fara isa, na hagu ya ji shi a makare da ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma kanka ya tare shi ya rage masa ƙarfi, sannan lanƙwashe-lanƙwashen nan na kunnenka na waje suna ɗan canza sautin gwargwadon ta inda ya shigo, sama ko ƙasa, gaba ko baya. Da waɗannan ƙwaƙwalwa take gane nisa da ɓangare. Toh hedifon ya zo ya manne a kunne, abin da aka tura wa dama dama kaɗai ke ji, na hagu ma haka, iyafis mai shiga rami kuma ya ma tsallake kunnen waje gaba ɗaya. Shi yasa tun yanzu ka sa a ranka babu hedifon ɗin da zai baka irin filin da sifika biyu masu kyau suke bayarwa a ɗaki, abin da muke nema shine wanda zai fitar da kiɗan daga cikin kwanyarka ya ɗan baje shi waje.

Abu mafi girma da yake raba su shine bayan ƙoƙon, a buɗe yake ko a rufe. A kwali zaka ga an rubuta open-back ko closed-back. Mai buɗaɗɗen baya raga ce a bayansa ko ramuka, iska na shiga tana fita, sautin da ƙaramar sifikar ciki take jefawa baya baya dawowa ya bugi kunnenka, kuma kana jin motsin ɗakin da kake ciki, to sai ƙwaƙwalwa ta yarda cewa kiɗan a cikin ɗakin yake. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fito da irin wannan a 1968 da HD 414, kuma har yau in ana maganar faɗin sauti sai an ambaci HD 800 ɗinsu da ya fito a 2009, ƙoƙonsa ƙato ne kunne baya taɓa komai a ciki, sifikar tana nesa kuma an karkata ta tana fuskantar kunne ta gaba. Amma wannan ba na yawo bane sam, ohm 300 ne, wato ma'aunin yadda yake turjewa wutar da ake tura masa, sai da amfilifaya mai ƙara masa ƙarfi, kuɗinsa kuma ya haura dala dubu, na kawo shi ne kawai don ka ga abubuwan da suke kawo faɗi: buɗaɗɗen baya, tazara tsakanin sifika da kunne, da karkatar da ita.

Ga inda matsalar take, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani kafin ka taɓa aljihunka. Buɗaɗɗen bayan nan da yake ƙara faɗi shi ne kuma yake rage tare hayaniya. Ƙofar da iska take fita ta nan ƙarar adaidaita sahu da janareton maƙwabta suke shigowa, ta nan kuma abin da kake ji yake fita na kusa da kai ya ji. Saboda haka tambayar farko itace a ina kake yawan sauraro. In a ɗaki ne da daddare, ko ofis mai shiru, ko tafiya ce kake yi ka sauka a masauki ka ciro shi daga jaka, ko kana zagaye da safe a unguwa mai natsuwa, toh ɗauki buɗaɗɗe ba sai ka yi dogon tunani ba. In kuma rayuwarka a kan titi take, daga tasha zuwa kasuwa, doguwar tafiya a motar haya Kano zuwa Abuja kafaɗa da kafaɗa da mutane, buɗaɗɗe zai cuce ka ne, don da zarar hayaniya ta shigo bes ɗin ne yake fara ɓacewa, faɗin da ka biya kuɗi dominsa ma ya tafi, sai hannunka ya kai kan maɓallin ƙara sauti ba tare da ka sani ba. Wannan ba ƙaramin abu bane, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce awa 40 a sati yana sauraro a kan desibel 80, wato ma'aunin ƙarar sauti, kuma duk ƙarin desibel 3 lokacin yana raguwa da rabi. Ji in ya tafi baya dawowa ɗan uwa, dan Allah kar ka yi gasa da ƙarar titi.

Toh a cikin buɗaɗɗun wanne ne yake shiga aljihu ko ƙaramar jaka? Ni sunan da nake fara kira shine Koss, kamfanin Amurka ne. Porta Pro ɗinsu tun 1984 ake yinsa kusan bai canza kama ba, yana naɗewa ya dunƙule ya shiga tafin hannu, ba shi da nauyi ko kaɗan, ohm 60 ne amma kusan kowace waya tana iya tuƙa shi, sautinsa mai ɗumi ne akwai bes mai daɗi, sai dai wannan bes ɗin yana ɗan cika wuri ya rage sarari. Ƙaninsa KSC75 shi ne a wajena ya fi buɗewa, wannan ba shi da maɗaurin kai, rataya shi ake a kunne da wani ɗan maƙali kamar ƙafar gilashi, kuma da yake baya matse kunne yana ɗan shawagi ne a kai sai ka ji kiɗan yana fitowa daga waje da kanka, kuɗinsa a Amurka wajen dala 20 ne kawai, kallonsa ba zai burge ka ba sam kamar kayan wasan yara yake, amma ranar da na fara jinsa sau biyu ina waiwayawa na ɗauka wani ne ya yi magana a bayana. Wani amfaninsa a wajenmu, baya taɓa hula, baya ɓata ɗaurin ɗankwali. Amma 'yan uwa mata ku lura, in hijabi mai kauri ya rufe ragar bayan to kun mayar da shi rabin rufaffe, sautin zai canza, ku gwada da yadda zaku riƙa saka shi a zahiri.

Akwai kuma wani nau'i da aka raina alhali yana da faɗi sosai, iyafis ɗin nan na da mai faffaɗan kai wanda yake zama a bakin kunne baya shiga rami, ba shi da robar nan ta toshewa. Da yake baya toshe kunne sautinsa a buɗe yake. EarPods na Apple mai igiya kusan irinsa ne, kuma in na asali ne ba laifi wajen sarari, sannan akwai VE Monk Plus na wani kamfanin China da ya yi suna saboda dala 5 ake sayar da shi lokacin da ya fito. In ka samu irin waɗannan ka saka musu ɗan soson nan da ake rufa musu, yana riƙe su a kunne kuma yana dawo da bes kaɗan.

In kana yawo da jakar goyo kuma girma bai dame ka ba, Philips SHP9500 ohm 32 ne waya tana ɗaukarsa cikin sauƙi, ana cire igiyarsa a canza, yana da sarari mai kyau. Sennheiser HD 560S ya fi shi iya nuna inda sauti yake, sifikarsa a karkace take, amma ohm 120 ne yana son ɗan ƙarin ƙarfi. Dukansu basa naɗewa. AKG K702 kuma faɗinsa sananne ne amma kar ohm 62 ɗin da aka rubuta ya ruɗe ka, yana cin wuta, a waya kai tsaye zaka ji shi siriri ba rai.

Wanda dole sai rufaffe, kar ka fidda rai amma ka rage buri. Abin da zaka duba shine zurfin ƙoƙon, ka saka yatsa a ciki ka ji, in kunnenka zai taɓa yadin da ya rufe sifikar to filin zai matse, ka nemi mai zurfi wanda yake zagaye kunne gaba ɗaya ba mai ɗorawa a kansa ba. Beyerdynamic DT 770 Pro yana cikin rufaffun da aka sani da sarari, yana zuwa kala uku ohm 32 da 80 da 250, na waya ka ɗauki 32, amma baya naɗewa kuma igiyarsa a manne take. AKG K371 yana naɗewa, sautinsa daidai wa daida, faɗinsa matsakaici. Audio-Technica M50x da ake yawan yabo hedifon ne mai ƙarfi da juriya kuma yana naɗewa da kyau, amma in faɗi kake nema ba shi bane, komai yana kusa da kai ne.

Su iyafis masu shiga rami, su ne suka fi dacewa da titi, kuma su ne suka fi ƙarancin fili, sai dai akwai bambanci tsakaninsu kuma rabin bambancin a robar bakin yake. Roba mai faɗin rami tana sakin siraran sautuka na sama sai ka ji iska ta ƙaru, mai ƙaramin rami ko ta soso tana ƙara bes ta danne sama. Wanda ake turawa can ciki sosai yana tare hayaniya fiye da kowa amma kiɗan a tsakiyar kai zai zauna. Kafin ka yanke wa iyafis hukunci ka gwada duk robobin da suka zo a kwalin, wani lokaci ma kunnen dama da na hagu ba girmansu ɗaya ba.

Maganar ƙarfi a taƙaice, lamba biyu zaka duba a kwali, ohm da kuma sensitivity da ake rubutawa da dB, wato yawan ƙarar da yake fitarwa da wutar da ya samu. Ohm 16 zuwa 64 da dB wajen 100 ko sama, yawanci waya zata ɗauka. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel har yanzu suna da ramin iyafis, iPhone kuwa tun 2016 aka cire, manyan Samsung ma sun bi sahu. In wayarka ba rami sai ka sayi ɗan adafta na USB-C, amma ka tabbatar mai DAC ne a ciki, wato ɗan abin da yake mayar da saƙon waya ya zama sauti, don akwai masu arha da igiya ce zalla ba komai ciki, a wayoyi da yawa ko motsi basa yi. Adafta mai kyau baya ƙirƙiro faɗin da babu, abin da yake yi shine ya ba hedifon isasshiyar wuta kada sautin ya cakuɗe in kiɗa ya yi yawa.

Bluetooth fa? Na san shi kowa yake so yanzu, Oraimo ya cika ko'ina. Gaskiyar magana su SBC da AAC da aptX da LDAC da ake ta rubutawa a kwali, hanyoyin tura sauti ta Bluetooth, suna shafar tsabtar sauti ne, LDAC na Sony yana iya ɗaukar bayanin sauti mai yawa, iPhone kuma baya amfani da shi ko aptX, AAC yake bi, amma faɗi daga ginin hedifon ɗin yake zuwa ba daga nan ba. Masu kashe hayaniya irin su Sony WH-1000XM4 rufaffu ne, faɗinsu matsakaici, sai dai a cikin mota ko jirgi shirun da suke kawowa yana sa ka ji ƙananan abubuwan da ke bada nisa, don haka a wajen hayaniya zasu iya fin buɗaɗɗe sarari a aikace. Shi kuma Spatial Audio na Apple da Dolby Atmos da 360 Reality Audio na Sony lissafi ne na kwamfuta da yake kwaikwayon yadda kunne yake jin ɗaki, a fim yana daɗi sosai, a waƙa wani lokaci ya yi kyau wani lokaci murya ta koma kamar a cikin randa, ka kunna ka kashe ka ji da kunnenka. Amma rubutun 8D ko 9D surround a jikin kwalin iyafis mai arha, wannan talla ce kawai kar ta sa ka ƙara ko sisi.

Yanzu gwaji, wanda shine ainihin aikin. Kafin ka fita gida ka shiga saitin wayarka wajen Accessibility ka tabbatar Mono audio, mai haɗe hagu da dama su zama ɗaya, a kashe yake, na sha ganin mutum yana kukan hedifon ɗinsa ba faɗi ashe wannan ne a kunne, kuma ka kashe duk wani ƙarin bes ko 3D na wayar. Ka sauke waƙoƙi uku ko huɗu da ka sani kamar yunwar cikinka, masu inganci ba wanda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har ya gaji ba, a ciki a samu ɗaya da aka ɗauka kai tsaye a gaban jama'a da tafi da kayan kiɗa na hannu, sannan ka nemo abin da ake kira binaural a YouTube ka sauke ɗaya, shi ana ɗaukarsa ne da makirfo biyu a kunnen kan mutum-mutumi. Ka sani wa'azi da yawancin karatu da saƙon murya na WhatsApp da tsofaffin kaset na makaɗanmu na gargajiya mono ne, hagu da dama abu ɗaya suke fitarwa, ko hedifon ɗin miliyan ka saka a tsakiya zasu tsaya, to in su ne yawancin abin da kake ji ka nemi mai fitar da murya tar ka bar wahalar da kanka.

A kasuwa irin Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja hayaniya ba zata barka ka ji buɗaɗɗe da kyau ba, ka roƙi mai shago ka shiga can ciki, ko ku yi yarjejeniya ka je gida da shi in bai yi ba ka dawo a canza. In kana kwatanta biyu ka daidaita ƙararsu, don wanda ya fi ƙara kullum shi kunne yake zaɓa ko da bai fi kyau ba. Ka rufe ido. Muryar mawaƙi ta tsaya a tsakiya cak, sannan ka bi kayan kiɗa ɗaya kaɗai da kunnenka daga farko zuwa ƙarshe ka gani ko zai ɓace in sauran sun shigo, ka saurari tafi ko amon ɗakin ka ji ko ya wuce kunnuwanka ya fita waje ko a kansu ya tsaya. Ka ba shi minti goma a ƙalla.

Akwai faɗin ƙarya kala biyu da nake so ka kiyaye. Na farko hedifon da aka danne masa sautin tsakiya inda murya take aka ɗaga bes da na sama, murya sai ta ja baya ka ɗauka zurfi ne, minti biyar na farko zai burge ka, bayan awa ɗaya kunnenka ya gaji kuma kana ta ƙara sauti don ka ji abin da ake faɗa. Na biyu ya taɓa faruwa dani, na sayi wani a wani shago na ji faɗi kamar me, ashe jabu ne an haɗa wayoyin kunne ɗaya a juye, alamarsa murya bata da wajen tsayawa kamar tana ko'ina a lokaci ɗaya, kuma kanka yana ɗan juyawa in ka daɗe. Jabun Porta Pro da na AirPods sun yi yawa sosai, in kuɗin ya yi arha fiye da hankali ka ajiye.

Sai yanayinmu. Lokacin hunturu ƙura tana shiga ragar buɗaɗɗe ta kwanta a kan sifika, in gashi ko ƙasa ya taɓa ta zaka ji tana zizi a wajen bes, don haka ka samar masa 'yar jaka mai zif kar ka riƙa jefa shi haka nan. Lokacin zafi kuma katifar kunne ta fatar roba tana sa gumi kuma bata daɗewa take fara ɓarewa, mai karammiski ko yadi ta fi shan iska. Ka tambaya ko ana samun canjin katifar kafin ka saya, don in ta lotse kunnenka ya matso kusa da sifika faɗin ma raguwa yake, soson Koss shi ma yana ruɓewa amma canza shi ba wuya. In ka riga ka sayi wanda ya cika bes, ka gwada manhajar Wavelet a Android ko ikwalaizar wayarka ka rage wajen 100 zuwa 250 Hz da desibel 2 ko 3, zaka ji kamar an ɗage labule kaɗan.

Ni dai abin da na tsaya a kai guda biyu nake ɗauka, KSC75 a 'yar jakarsa don masauki da ofis da dare in gari ya yi shiru, sai ƙaramin iyafis mai roba mai faɗin rami a aljihun gaba don cikin mota da kasuwa, su biyun a haɗe basu kai kuɗin babban hedifon ɗin Bluetooth guda ɗaya ba, kuma babu wanda yake buƙatar caji a cikinsu.